Cape Point: ku je da rigar sanyi, kuma kar ku tsaya a saman kawai

Mun je Cape Point, wani tsauni da ya kutsa cikin teku, ranar Asabar ni da wani abokin aikina bayan an gama taron da ya kai mu Cape Town a Afirka ta Kudu, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu ce a mota. Akwai kuɗin shiga, kuma baƙi sun fi ƴan ƙasa biya, to ku shirya aljihu.

Daga wajen fakin akwai wani ɗan jirgin ƙasa da ke jan mutane zuwa saman tsaunin, Flying Dutchman sunansa, ni na ce ƙafa zan taka. Minti 20 ya ɗauke ni har da tsayawa haki, matakala ce kam amma ba ta kashe mutum ba. Iska ce matsalar, wallahi sai da ta cire min hula, ina ji ina gani zanna bukar ɗina ta bi teku.

Muna isa tsohuwar hasumiyar fitilar da a da take haska wa jiragen ruwa hanya sai hazo ya rufe ko'ina, tekun ma ba ka gani, raina ya ɓaci na ce kuɗina sun tafi a banza, ashe abun da ya kashe wa hasumiyar kasuwa kenan tun asali. An kunna ta a 1860 a kan tsauni sama da mita 200, ta yi sama da yawa har hazo yake haɗiye hasken, matuƙa jirgin ruwa ba sa ganin komai. Sai da jirgin Fotugal mai suna Lusitania ya daki dutse ya nutse a 1911 sannan aka gina sabuwa can ƙasa a mita 87, ita aka kunna a 1919.

Abun da ya biya ni shi ne siririyar hanyar da ta zagaya bayan tsohuwar ta bi kan dutsen har inda ake hango sabuwar, yawancin mutane ba sa binta, hoto kawai suke ɗauka su sauka. Can ƙasan hazon ya yaye, ruwa dama ruwa hagu yana dukan dutse kaman zai fasa shi. Mai jiri dai ya haƙura.

Af, kar ku riƙe abinci a hannu, gwaggon birin wajen ba kunya gare su ba, a gabana ɗaya ya fizge ledar biskit a hannun wata baturiya. Zan koma, amma da hular sanyi.