"Miya ta musamman" da suka rubuta ita ta kai 'yata asibiti

Na fi shekara biyu ina sayen dafaffen abinci a babban kantin nan, irin wanda suke girkawa a can ciki, su zuba a roba, su rufe da leda, su jera a firji. Duk ranar da aiki ya riƙe ni har dare shi ne rufin asirina: in ɗauki roba biyu ko uku, in ɗumama, kowa ya ci ya kwanta. Kuma ba zan ci haƙƙinsu ba, girkinsu yana da daɗi. Kazar tana dahuwa har ƙashi, shinkafar ba ta caɓewa, wurin kuma tsaf yake. Da watan jiya aka tambaye ni, tauraro biyar zan ba su ko tunani ban yi ba.

'Yata ta biyu, mai shekara bakwai, jikinta ba ya karɓar riɗi. Tun tana 'yar shekara uku likita ya tabbatar mana, ya kuma gargaɗe mu cewa nata ba irin na ɗan ƙaiƙayi ba ne. Shi ya sa karanta bayan kwali ya zame mini jiki. Biskit, burodi, gwangwani, komai sai na juya shi na bi layi-layi kafin ya shiga kwandona. Ranar ma na karanta. Na ɗauki robar kaza da shinkafa, sabon samfuri da ban taɓa saya ba, na duba sitikar da ke kanta. Ga abin da ke jiki kaf: kaza, shinkafa, kayan lambu, miya ta musamman, kayan ƙanshi. Sai nauyi, sai ranar da aka dafa. Na ɗaga robar ina kallon ta a hasken fitila, ban ga ƙwayar riɗi ko ɗaya ba. Miyar fara-fara ce mai kauri, na ɗauka madara ce aka sa. Na tambayi yarinyar da ke tsaye a wurin ko akwai riɗi a ciki, ta karɓi robar ta karanta sitikar da na gama karantawa, ta ce, "Hajiya, ai ba a rubuta ba, babu ke nan."

Loma huɗu ko biyar yarinyata ta yi, ta ajiye cokali ta ce, "Mama, harshena yana yi mini ƙaiƙayi." Kafin in kawo mata ruwa leɓenta na sama ya fara tashi. Borin jini ya feso mata a wuya da ƙirji, idonta ya kumbura, sai ta fara wani tari mai fito kamar iska na wucewa ta ƙaramar kafa. Wanda bai taɓa jin wannan sautin daga bakin ɗansa ba, Allah kada ya nuna masa. Babanta ya sure ta, ni ko takalmi ban tsaya nema ba. A mota na rungume ta ina kiran sunanta, ina cewa ta dube ni, ta ci gaba da numfashi. A asibiti aka yi mata allurar adirenalin a cinya, aka sa mata iska, aka ce sai mun kwana, domin irin wannan yakan lafa sannan ya dawo bayan 'yan sa'o'i. Na kwana zaune a kan kujera ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka, ina ta tuhumar kaina. Na karanta, na tambaya, me kuma ya rage da ban yi ba? Alhamdu lillahi da safe aka sallame mu.

Washegari na koma kantin da robar a jakata. Yarinyar kantin da na tambaya ba ta nan. Wanda na tarar ya kira wani, wancan ya kira mai girki, mai girki ya ce shi kaza da shinkafa kawai yake dafawa, miyar kuwa a bokiti ake kawo ta daga wani kamfani, nasa zubawa. Na ce a ɗauko mini bokitin. Sai da na yi kusan minti arba'in a tsaye kafin manaja ya fito da shi. A jikin bokitin, da manyan baƙaƙe, an rubuta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, kuma na uku a jerin niƙaƙƙen riɗi ne. Wato bayanin yana cikin ginin, taku ashirin daga firjin da na tsaya. Kamfanin da ya haɗa miyar ya yi nasa, ya faɗi gaskiya. A hannun kantin gaskiyar ta ɓace, aka naɗe ta cikin kalma uku: miya ta musamman.

Manajan ya ba ni haƙuri sosai, ya tambayi jikin yarinya, ya ce, "Hajiya, wallahi ba mu ji daɗi ba." Ya mayar mini da kuɗina, ya ce zai kai maganar sama. A lokacin zuciyata ta ɗan yi sanyi, har na ce a raina kuskure ne, kowa yana yi, tauraro uku ya dace da su. Amma a cikin ban haƙurin ya saki wata magana da ta tsaya mini a rai. Ya ce abin da aka girka aka kuma ƙunshe a cikin kanti, ba a neman cikakken jerin kayan haɗinsa kamar wanda ya zo a rufe daga masana'anta, mai saye ne zai tambaya. To ai na tambaya. Wadda aka ajiye don ta ba ni amsa, sitikar nan ce iyakar iliminta.

Maganar tasa ta sa na zauna na bi yadda dokokin rubutun jikin abinci suke a wurare daban-daban, sai na ga wannan giɓin tsoho ne, kuma ya riga ya ci rai. A watan Yuli na 2016 wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin sama na Heathrow. Ita ma riɗi ne jikinta ba ya karɓa. An kwaɓa riɗin a cikin ƙullin burodin, ba a ganin sa, kuma ba a rubuta a ledar ba, domin dokar wancan lokacin ta yafe wa abincin da aka haɗa aka ƙunshe a wurin sayarwa. Ta faɗi a cikin jirgi a hanyar Nice ta Faransa, mahaifinta ya yi mata allura biyu, amma ba ta tashi ba. Iyayenta suka dage har aka canza dokar. Tun 1 ga Oktoba 2021, a Birtaniya duk abincin da aka ƙunshe a wurin da ake sayar da shi dole ya ɗauki sunansa da cikakken jerin abin da ke ciki, a kuma fito da masu tayar da borin jini fili. Ina karanta labarin hannuna yana rawa, domin daren da muka yi ne sak, ƙarshen kawai Allah ya bambanta.

Ƙa'idar kanta ba sabuwa ba ce. Hukumar Codex, wadda hukumar abinci da ta lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa tare, tana da mizanin rubutun jikin abinci tun 1985, kuma ƙasashe da yawa daga nan suka ɗebi nasu. Ya ce a jera kayan haɗi daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci. Ya ce idan wani haɗin shi ma haɗi ne, kamar miya, a buɗe shi a faɗi abin da ke cikinsa, sai fa in bai kai kashi 5 cikin 100 na abincin ba. Miyar da ke cikin robata kuwa ta lulluɓe kazar gaba ɗaya har ta jiƙa shinkafar. Tarayyar Turai tun Disamba 2014 take aiki da jerin abubuwa 14 da dole a bambanta rubutunsu, galibi da baƙaƙe masu kauri: gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, waken suya, alkama da danginta, da sauransu, riɗi yana ciki. A Amurka dokar 2004 abu takwas ta lissafa, riɗi bai shiga ba sai 1 ga Janairu 2023. Kafin nan ana iya ɓoye shi a ƙarƙashin "kayan ƙanshi" kawai, kalmar da ita ma take kan sitikar da na saya.

Wannan "kayan ƙanshi" da "kayan lambu" da "man girki" su ne suka fi ba ni haushi yanzu da idona ya buɗe. Wane lambu? Wane mai, na gyaɗa ne ko na waken suya? Ba mu kaɗai ne masu buƙatar sani ba. Akwai mai hawan jini da likita ya hana shi gishiri, akwai mai ciwon sukari da bai san an zuba sukari a miya ba, akwai wanda addininsa ya haramta masa wani nama ko wani kitse, akwai wanda ba ya cin nama sam. Dukkansu a kan wannan 'yar takardar suke dogara, domin dafaffen abinci ba a iya warware shi a gani. A 2013 mutane a Turai sun ci naman doki a cikin abincin firji da aka rubuta wa naman shanu, ba wanda harshensa ya gane, sai da aka kai ɗakin gwaji. Wancan ha'inci ne ƙarara, na kantin nan sakaci ne, amma mai ci duk ɗaya ne a wurinsa, ya haɗiyi abin da ba a gaya masa ba.

Mako uku bayan haka na sake shiga, ba don in saya ba, don in ga abin da "kai maganar sama" ya haifar. Robar tana nan a inda take, sitikar tana nan yadda take, miya ta musamman. Abin da suka ƙara shi ne wata 'yar takarda da aka manna a gilashin firjin, mai cewa duk abincin da ke nan yana iya ƙunsar gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai da sauransu. Nan ne raina ya sake ɓaci fiye da ranar farko. "Yana iya ƙunsa" magana ce da aka tanada don abin da ka iya faɗawa cikin abinci bisa tsautsayi, kamar a yi amfani da tukunya ɗaya ko ludayi ɗaya. Riɗin nan kuwa ba tsautsayi ba ne, da hannu ake zuba shi, shi ne na uku a miyar. Sun san robar da take da shi, sun san wadda ba ta da shi, amma suka zaɓi su shafa wa duka baƙin fenti don kada gobe a kama su da laifi. Takardar kare kansu take yi. Ni uwar yarinya ba ta ƙara mini sanin komai ba, sai dai ta ce mini in bar firjin gaba ɗaya.

Kuma abin da ake nema ba wani aiki ne mai wuya ba. Injin da yake buga nauyi da ranar girki, shi ne zai buga sauran layi huɗu. Bokitin yana nan, rubutun yana jikinsa, kwafa kawai za a yi. In sun ce girkinsu yana canzawa kullum, to su ajiye littafi a kan kanta wanda kowace ma'aikaciya za ta iya buɗewa, a kuma koya musu cewa idan ba su tabbatar ba su shiga ciki su duba, kada su ce "babu". Ban ga laifin yarinyar da ta amsa mini ba, ba a koya mata ba ne, kuma na roƙi manajan kada a taɓa aikinta saboda ni. Masu kantin nake tuhuma, su da suka ga sayar da girki yana kawo ciniki suka faɗaɗa firji, amma ba su ɗauki nauyin da ke tafe da ciyar da mutane ba.

Na rubuta musu takarda, na kuma kai ƙorafi ga hukumar da ke kula da abinci, tare da hoton sitikar da na bokitin da takardar asibiti. Wanda duk irin wannan ya same shi, kada ya jefar da robar, ya ɗauki hotonta tun kafin ya fita daga gida, domin ita ce kaɗai shaidarsa.

Tauraro ɗaya na ba su. Kayan gwangwani da na kwali ina ci gaba da saya a wurinsu, tunda waɗannan masana'anta ce ta rubuta jikinsu. Girkinsu kuwa na daina, har wanda na saba saya shekara biyu lafiya lau, domin yanzu na san cewa ranar da aka canza bokiti sitikar ba za ta canza ba. Jiya muka wuce ta gaban firjin, yarinyar ta kama hannuna ta ja ni gefe, ta ce, "Mama, kada mu bi ta nan."