Kwaɓi ko Gari: Wanne Ya Fi Sauƙin Wuta a Masana'antar Batir?

A tsohuwar hanyar yin fallen da ke riƙe caji a cikin batir, wadda yawancin masana'antun Sin da Koriya ta Kudu ke kai har yau, ana dama garin sinadaran batir da wani ruwa mai guba, NMP, sai ya yi kauri kamar kunu. A shafa shi a kan siririn fallen alminiyam, a zura cikin tanda mai tsawon mita da dama ya bushe. Tururin ma ba a barinsa ya fita, dole a tare shi a mayar ruwa. Nan wutar lantarki ke tafiya, fili kuma ya tafi.

Sabuwar hanyar babu ruwanta da ruwa. Gari ne a haɗa shi da ɗan abin ɗauri, wani nau'in roba da ake kira PTFE, na'ura ta murza shi ya zama falle. Ba tanda, ba tururi. Kan wannan Tesla, mai ƙera motocin lantarki, ta sayi kamfanin Maxwell mai wannan fasaha a 2019, Volkswagen ma na gwadawa a Jamus.

Sai dai murzar ba wasa ba ce. Kauri ya ɗan bambanta, fallen ya tashi aiki, kuma wutar da aka kashe masa ta bi ruwa. Ni dai da zan gina sabuwar masana'anta, zan fara da kwaɓin, in ware wa garin layi guda.