Shawagi da lema tare da matuƙi: ka tambayi yadda za a tashi kafin ka biya

Masu sayar da tikitin shawagi da lema, wato tashi sama da babbar lema marar inji (paragliding), hotunan sama suke nuna maka: teku, duwatsu, fasinja na murmushi. Ni kuwa abin da nake so mai saye ya fara tambaya shi ne yadda za a bar ƙasa, domin a 'yan daƙiƙun nan ne ƙafafunka ke da aiki, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe.

Tsarin ɗaya ne ko'ina. Kai a gaba, matuƙi a bayanka, an maƙale ku da ƙugiyoyi a lema guda mai faɗin wajen murabba'in mita 40, wadda ke ɗaukar kimanin kilo 220, ku biyu da kayanku. Iska ce ke raba hanya.

Idan iska ta kwanta, gudu ake yi. A shimfiɗa lema a baya, ku fuskanci gangara, matuƙi ya ce a tafi. Takun farko za ka ji kamar an cafke ka ta baya, lema ce ke cika tana hawa. Sai ka danna ƙirji gaba ka ci gaba da gudu, ko da ƙafarka ta fara barin ƙasa. Wanda ya zauna cikin ɗamarar da aka ɗaure shi da ita da wuri, ko ya yi tsalle, shi ke kayar da kansa da matuƙin. Mai ciwon gwiwa ko jiki mai nauyi ya faɗa tun wajen yankar tikiti, kada kunya ta hana shi.

Idan akwai iska mai ɗan ƙarfi, matuƙi kan juya ya fuskanci lemar, ya ɗaga ta, ya duba igiyoyi, sannan ya juyo. Taku biyu ko uku kun tashi. Ya fi sauƙi ga ƙafa, sai dai lemar na iya fizgo ka baya, shi ya sa kamfanin kirki ke ajiye mai taimako ya riƙe fasinja. Akwai kuma ja da igiya da inji a fili marar tudu, kamar yadda ake yi a Jamus, amma ba a cika sayar wa 'yan yawon buɗe ido shi ba.

To lokaci fa? Da sassafe sama lafiya lau take amma gudun ya fi yawa. Da rana iska mai ɗumi na tasowa, a daɗe a sama, sai dai jijjiga kan tayar da zuciya. Ga sabon shiga, hantsi na fi so.

Wurin da ya fi kusa da mu shi ne Kwahu a Ghana, inda tun 2005 ake bikin shawagi lokacin Ista. Daga dutsen Odweanoma a Atibie ake tashi, a sauka a Nkawkaw. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma 'yan kwanaki ne a shekara, ga layi. Oludeniz a Turkiyya ta fi tsawo: dutsen Babadag ya kai mita 1,969, a sauka bakin teku, sai dai cunkoso kan sa a gaggauta bayani. Interlaken a Suwizalan na da tsada, amma gangarar Beatenberg ciyawa ce, kuma wurin ya fi kwantar da hankalin mai tsoro. Signal Hill a Cape Town, Afirka ta Kudu, gajeren shawagi ne, iska kuma kan sa a soke shi.

Duk inda ka zaɓa, nemi ganin lasisin ɗaukar fasinja, ka tambayi lemar ko-ta-kwana, inshora, iyakar nauyi, da ko za a mayar da kuɗi idan an fasa. Hoto da bidiyo galibi kuɗinsu daban. Babbar riga da silifas su zauna a otal, takalmi mai igiya da wando ake so. Mace ta ɗaure hijabi tsaf saboda igiyoyi, kuma tunda jiki na haɗuwa da na matuƙi, wadda ke son mace ta tuƙa ta ta nema tun da wuri, don ba su da yawa.