Sharhi kan Caravelle, jirgin Faransa mai injuna a baya

Duk wanda ya san aikin jirgin sama zai ba Caravelle maki mai yawa a kan ƙira, amma a kan ɗaukar kaya sai ya rage masa. Kamfanin SNCASE, wanda ya koma Sud Aviation a 1957, shi ya ƙera shi a birnin Tulus na Faransa. Ya fara tashi ranar 27 ga Mayu 1955, kamfanin jiragen sama na SAS na ƙasashen Sikandinabiya kuma ya fara jigilar fasinja da shi a Afrilun 1959.

Babbar dabararsa ita ce ɗaura injuna biyu na Rolls-Royce Avon a jikin jirgin ta baya, kusa da jela. Wannan ya bar fukafukai fes babu abin da ke rataye, ga shi ƙarar inji ba ta damun na ciki sai masu kujerun ƙarshe. Hancinsa da ɗakin matuƙa daga jirgin Comet na Ingila aka ɗauko su bisa lasisi, kuma hakan ya rage musu ɓata lokaci. Tagoginsa masu kusurwa uku ne da aka zagaye bakinsu, faɗin yana ƙasa, don fasinja ya ga ƙasa sosai ba tare da an yi wa jikin jirgin babban rami ba. Matakalarsa ma a ƙarƙashin jela take, tana sauka da kanta. Samfurin Caravelle III tsawonsa mita 32, faɗin fukafukai mita 34.3, fasinja kimanin 80.

Matsalar tana wajen tsayawa. Samfuran farko ba su da na'urar juya ƙarfin inji baya don rage gudu bayan sauka, sai birki da lemar rage gudu da ake saki daga jela. Sai a samfurin VI-R, wanda United Airlines ta Amurka ta sayi guda 20, aka sa na'urar. Ƙafafun ma ba sa jure zafi: a 1963 wani Caravelle na Swissair ya yi ta tafiya a kan titin tashi cikin hazo a Zurik ta ƙasar Suwizalan, birki ya yi zafi, ƙafar da aka ƙera da ƙarfen magniziyam ta fashe, bututun man haidirolik (man da ke sarrafa birki da ƙafafu) ya tsage, wuta ta kama bayan tashi. Mutum 80 suka rasu.

Cikinsa kuma matsattse ne, kujeru biyar a jere, rumbun kaya ɗan ƙarami. Nan jiragen Amurka DC-9 da Boeing 737 suka ƙwace masa kasuwa, duk da an sauya masa injin JT8D na Amurka an kuma ƙara tsawonsa har Caravelle 12 ya kai fasinja 140. Tsohon kamfanin Air Afrique, wanda Nijar ta kasance da hannun jari a ciki, ya yi amfani da samfurin 11R mai ƙofar kaya. Guda 282 aka ƙera kafin a dakatar a 1972, kuma akwai Caravelle 12 a gidan tarihin Aeroscopia kusa da Tulus ga mai son duba shi.