Siririyar kwamfuta a zafin Sakkwato: abin da ya sa na tsaya kan ThinkPad X1 Carbon

Mafi yawan masu yin sharhi kan siraran kwamfutocin tafi-da-gidanka a intanet suna zaune ne a ɗaki mai sanyi, inda wuta ba ta ƙiftawa. Abin da ke gabansu shi ne sirantar jiki da kyan launi. Mu a Sakkwato tambayoyinmu daban ne. Za ta jure zafin Afrilu? Ƙurar hunturu fa? In an ɗauke wuta tun safe, za ta kai ni la'asar? In ta samu matsala, akwai mai buɗe ta a garin nan, ko sai an ba direba ya kai ta Kano? Da waɗannan na auna guda huɗu kafin na sayi wadda nake aiki da ita yanzu, kuma ta ga bazara ta ga hunturu a hannuna.

Aikina tattara bayanan manoman albasa da shinkafa ne a yankunan Goronyo, Wurno da Kware. Matasan da ke shiga gonaki suna cike fom a waya ta KoboToolbox, ni kuma in sauke, in tace a Excel, in haɗa rahoto a Power BI. Yawancin mako ina kan hanya, wani lokaci a mota, wani lokaci a bayan ɗan kabu-kabu da jaka a goye. Tsohuwar kwamfutata ta haura kilo biyu, cajarta kuma kamar bulo. Duk wanda ya taɓa ɗaukar irin wannan kaya daga tasha zuwa bakin fadama da tsakar rana ya san dalilin da ya sa na shiga neman mara nauyi.

Guda huɗun su ne MacBook Air mai injin M1 na Apple, Dell XPS 13 samfurin 9310, HP EliteBook 840 G8, da Lenovo ThinkPad X1 Carbon zubi na tara. Dukkansu tokumbo na duba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, sabuwa dal a kwali ta fi ƙarfin mai albashi irina, kuma ba ni kaɗai ba.

XPS 13 ce na fara ajiyewa, ba don ta rasa kyau ba. A ido ma ta fi su duka, ga allo mai inci 13.4 da kusan ba shi da baki a gefe, ga nauyi kilo 1.2. Sai dai kafofin USB-C biyu kacal gare ta, da ramin ƙaramin katin memori. Ni kuwa duk inda na je filash mai babban baki ake miƙo mini, firojektan ɗakin taro kuma HDMI yake nema. Sai dai in riƙa yawo da mahaɗi a aljihu, ranar da ya ɓace aiki ya tsaya.

MacBook Air ce ta fi ba ni wuyar yanke hukunci. Wata abokiyar aikina tana da ita, ta bar mini na ɗan lokaci na gwada. A watan Nuwamban 2020 Apple ya fitar da ita, nauyinta kilo 1.29, kuma batirinta ba a magana. Kamfanin ya ce tana kai awa 15 ana lilo a intanet. Ni dai na buɗe ta da hantsi, aka yi la'asar da sauran caji mai yawa a cikinta. A garin da kowa ke lissafin lokacin da za a kawo wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba ta da fanka ko ɗaya, kuma wannan yana da fuska biyu a wurinmu. Da hunturu alheri ne: ba ta zuƙar iska, balle ƙura ta taru a cikinta, kuma shiru take kamar ba a kunne ba. Da bazara kuwa jikinta na alminiyam ne kaɗai ke fitar da zafi. Apple ya rubuta cewa a yi amfani da ita tsakanin digiri 10 zuwa 35 a ma'aunin salshiyas. Gaskiya ba shi kaɗai ba, yawancin kamfanoni iyakar da suke rubutawa ke nan. Amma daga Maris zuwa Mayu Sakkwato tana wuce digiri 40 ba tare da wani ya yi mamaki ba. Kowace kwamfuta in ta ji zafi takan rage gudu don ta kare kanta. Mai fanka tana da abin da za ta fara yi kafin ta kai ga haka, mara fanka ba ta da shi. Mai rubutu da karatu da kallon bidiyo ba zai ma lura ba. Mai jibga mata aiki mai nauyi na dogon lokaci shi zai gani.

Abin da ya raba ni da ita dai manhaja ce. Power BI da ake girkawa a kwamfuta a Windows kaɗai yake aiki, kuma Mac masu M1 ba sa karɓar Boot Camp da ake girka Windows da shi a tsofaffin. Akwai hanyar Parallels, manhajar da ke tafiyar da Windows a cikin Mac, amma ta kuɗi ce. Ga kuma kafofi biyu kacal irin na XPS. Sannan RAM ɗinta (memorin da take aiki da shi) da ma'ajiyarta duk a manne suke da bod, wato babban faifan lantarkin cikinta, yawancin waɗanda ke shigowa kasuwarmu kuma masu RAM gigabait 8 ne da ma'ajiya gigabait 256. Yadda ka saye ta haka za ku rabu.

Na je wurin mai gyaran da nake kai wa aiki shekara da shekaru na faɗa masa abin da nake ciki. Ya ajiye sukundireba ya nuna mini wata EliteBook da ke buɗe a kan tebur, ya ce, "Malam, wagga in ta samu matsala yau, gobe ka zo ka ɗauka. Allonta, kibod ɗinta, batirinta, duk ana samu. Waccan ta Apple in bod ya taɓu, ba ni yi maka ƙarya, sai a tura ta Kano ko Legas." Maganarsa ta yi nauyi a wurina, don shi ne zai ga cikinta, ba mai talla ba.

Saura biyu ke nan, kuma a nan na daɗe. EliteBook 840 G8 ta 2021 ce, ta ɗan haura kilo 1.3, tana da kafofin USB manya biyu, USB-C biyu da HDMI. Babbar falalarta ita ce gurbin RAM guda biyu da ake cirewa a sa. Ka saya da 8 yau, in Allah ya hore bayan wata shida ka ƙara, har zuwa 64. A cikin siraran kwamfutoci wannan ya fara zama abin nema. Abin lura shi ne allonta iri-iri ne, kuma mafi arha haskensa nit 250 ne (nit ma'aunin hasken allo ne). A ofis ba laifi, amma a ƙarƙashin rumfa da rana tsaka sai ka yi ta matse ido. Waɗanda na tarar a lokacin duk masu wannan allon ne.

X1 Carbon zubi na tara ita ma ta 2021 ce. Nauyinta kilo 1.13, ta fi sauran ukun rashin nauyi alhali allonta inci 14 ne. Kafofinta daidai da na EliteBook. Allon yana da haske nit 400, ba ya ƙyalli, kuma ya ɗan fi tsayi daga sama zuwa ƙasa, wanda a Excel yake nufin ƙarin layuka kafin ka gangara. Sai kibod. Na zauna a shagon na buga sakin layi guda a kan kowacce, yatsuna suka zaɓa tun kafin in gama tunani. Maɓallan suna da ɗan lanƙwasa da ke karɓar kan yatsa, suna nutsewa su dawo ba tare da sun yi ƙara ba. Wanda ke wuni yana shigar da sunayen ƙauyuka da adadin buhuna zai gane abin da nake nufi. RAM ɗinta a manne yake, shi ya sa na ƙi karɓar mai 8, na jira har aka samo mini mai 16. Ma'ajiyar SSD da batirin kuwa ana canja su, an kwance 'yan sukurorin ƙasa ke nan.

Bayan na fara yawo da ita, abin da ya fi faranta mini rai ba shi na zata ba: caja. Ƙaramar caja ce ta USB-C mai wat 65, ita ke cajin kwamfutar, ita ke cajin wayata. Na haɗa da fawa bank mai fitar da wat 65, don ba kowane ne ke iya tayar da kwamfuta ba, sai wanda aka rubuta PD a jikinsa da ƙarfin da ya isa. Da waɗannan biyun nakan wuni a ƙauye ban nemi janareta ba. Batirin kansa, da yake ba sabo ba ne, yakan kai ni daga hantsi zuwa bayan azahar idan na rage hasken allo. Bai kama ƙafar na MacBook Air ba, kuma ban sa ran zai kama ba.

Zafi shi ne babban abokin gabar batirin lithiyam, musamman in yana cike taf kuma a jone. A manhajar Lenovo Vantage akwai wurin da ake sa caji ya tsaya a kashi 80, kuma haka nake barin ta duk ranar da nake ofis a kan sola. HP ma yana da irin wannan a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi. Ba na barin ta a mota a rufe, ba na ɗora ta kan katifa ko darduma, don ta ƙasa take shaƙar iska. A watan Afrilu fankar takan tashi da zarar na buɗe babban fayil, ana jin hucinta, amma aikin bai taɓa tsaya mini ba. Da hunturu ya wuce na kai ta aka buɗe aka hure. Ƙurar da ta fito daga 'yar fankar nan, ja wur, ta isa ta sa mutum ya mayar da wannan al'adarsa ta kowace shekara.

Akwai ƙananan abubuwa da sai an saba. Maɓallin Fn ne a kusurwar hagu inda sauran kwamfutoci ke sa Ctrl, amma ana musanya su a saiti. Baƙin jikinta yana riƙe shatin yatsa, sai ana gogewa. Ba ta da ramin katin kyamara.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya zo neman shawara, EliteBook na ce ya saya, don kuɗinsa ba su kai mai RAM 16 ba, kuma zai iya ƙarawa daga baya. Abin da na fi ja masa kunne a kai shi ne shekarun injin. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga injin Intel zubi na takwas yake farawa. Kasuwa cike take da 840 G3 da G4 da tsofaffin X1 Carbon, sirara, masu sheƙi, da araha mai jan hankali, amma injinsu zubi na shida ne ko na bakwai. A duba lambar da ke bayan i5 ko i7 a sunan injin: in ta fara da 6 ko 7, a san abin da ake saya.

Kafin ka biya, ka nemi kujera ka zauna da ita. A Windows ka buɗe wurin rubuta umarni ka sa powercfg /batteryreport, zai nuna maka ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage masa. Ka shafa wurin linzamin yatsa. In ya ɗan taso, batirin ƙarƙashinsa ya kumbura. Ka kalli jerin haruffan kibod, don akwai masu shigowa daga Jamus da Faransa da haruffansu a wasu wurare daban. Ka kashe ta ka kunna, ka danna F1 in ThinkPad ce, F10 in HP ce, ka tabbatar BIOS ba ya neman kalmar sirri. Yawancin waɗannan kwamfutoci daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, wasu da makullinsu a jiki. A wani shago an miƙo mini wata tsaf-tsaf da irin wannan makulli, mai shagon yana ta rantsuwa cewa ba komai ba ne. A ThinkPad kuwa cire shi ba aikin wasa ba ne. In Mac ce, ka tabbatar mai ita na farko ya fita daga iCloud ɗinsa, wato asusunsa na Apple, in ba haka ba ranar da aka goge ta ba za ta sake buɗuwa ba sai da shi. Mai shagon da ya ƙi yarda ka yi wannan gwajin a gabansa, ka yi masa sallama ka bar masa kayansa.