Soso ko tsakuwa: wanne ya fi dacewa da katangar dutse a teburin wasan yaƙi?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara tara 'yan ƙananan mutum-mutumin sojoji na wasan yaƙin tebur da ake kira Bolt Action, masu tsayin milimita 28, kana son katangun dutse irin na gonakin Turai a teburinka, kuma ka rasa wanda za ka zaɓa tsakanin sassaƙa soso da jera tsakuwar gaske da gam. Na yi duka biyun, ga yadda na same su.

Kafin ka zaɓi ko wanne, ka daidaita tsayi, domin a nan yawancinmu muke kuskure. Sojojin nan ma'auninsu kusan 1:56 ne, wato ana raba girman abu na zahiri gida 56. Katangar gona mai mita 1.2 za ta dawo milimita 21 ke nan, wato ta kai wa soja ƙirji, bindigarsa na leƙowa ta sama. Dutsen da ya kai santimita 30 a zahiri kusan milimita 5 ne kawai a teburi. Ka riƙe waɗannan lambobi biyu.

Tsakuwa ita ce ta fi kyan gani, wannan babu musu. Kowace ƙwaya da siffarta, kuma ba ka buƙatar ƙirƙirar kaushi ko tsaga, Allah ya riga ya yi su. Sai dai aikin akwai cin rai. Za ka tankaɗe ta da rariya ka ware masu milimita 3 zuwa 6, ka wanke ƙurar, ka shanya, sannan ka jera layi ɗaya da farin gam na kafintoci, ka jira ya kama kafin ka ɗora na biyu. Idan ka yi gaggawa, katangar za ta zame ta zama tulin duwatsu. Ka nemi masu faɗi, ka guji mulmulallu irin na bakin rafi, don ba sa zama a kan juna. A katangar farko da na yi na zuba manyan ƙwayoyi saboda sun fi sauƙin kamawa da yatsa, da na ajiye soja a gefenta sai kowane dutse ya yi girman kansa da kafaɗunsa. Dole na rushe ta. Ga kuma nauyi: guntu goma masu santimita 15 a akwati ɗaya da sojoji, in suka gogu, fentin sojojin ne zai tafi.

Soso kuwa, ina nufin mai tauri da ake kira XPS, wanda ake sa wa gine-gine don tare zafi da sanyi, galibi shuɗi ko ruwan hoda. Ba farin nan mai ƙwaya-ƙwaya na cikin kwalin firji ba, wanda yake marmashewa da zarar reza ta taɓa shi. Ka yanki tsiri da sabuwar reza, ka zana duwatsun da bakin biro kana ɗan dannawa, sannan ka dunƙule takardar alminiyam ta naɗe abinci ka mirgina a kai don fuskar ta yi kaushi. Cikin yamma ɗaya za ka iya fitar da abin da tsakuwa za ta ci maka mako. Rauninsa biyu ne. Fentin fesawa da sufa-gulu suna narkar da shi, saboda haka sai ka fara shafe shi da farin gam da aka gauraya da baƙin fenti mai narkewa a ruwa, ya bushe sarai. Na biyu, ba shi da nauyi, hannun riga ma yana ture shi, don haka ka manna shi a kan siririn katako mai kaurin milimita 3. Kada ka yi gindin da kwali, yana lanƙwashewa idan gam ya bushe.

Abin da ya fi ba ni sha'awa da soso shi ne yana barinka ka bi yadda maginan gaske suke yi. Katangun da ake jerawa ba siminti, irin waɗanda suka cika tuddan Yorkshire a arewacin Ingila, gindinsu ya fi samansu faɗi, manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a sama, kowane dutse yana zaune a kan mahaɗar biyu na ƙasansa, sannan a rufe da jeri na duwatsu a tsaye. Da biro kana da iko a kan duk wannan. Da tsakuwa kuwa, abin da hannunka ya ɗauko shi za ka lallaɓa.

Wajen fenti ba su da bambanci sosai: toka-toka mai duhu a ƙasa, wasu duwatsun ka taɓa su da ruwan ƙasa, ka bi da baƙin fenti mai ruwa-ruwa ya shige tsagogi, ka ƙarasa da buroshi kusan busasshe mai ɗauke da toka mai haske. Ita ma tsakuwar ka fente ta, in ba haka ba za ta yi dabam a gefen sojojin da aka fenta.

Ni dai da ni ne a matsayinka, teburi mai ƙafa 6 da 4 yana cin katanga da yawa, don haka soso zan yi wa dogayen layuka da kusurwoyi. Tsakuwa zan ajiye ta don wuraren da igwa ta fasa, in yanke giɓi a soson in zuba ƙwayoyin a gindinsa da gam. Idan XPS ya yi maka wuyar samu a inda kake, to ka yi ƙashin katangar da siririn katako, ka manna tsakuwa mai faɗi a fuskokinsa biyu da samansa. Nauyin zai ragu, kuma ba za ta zame maka ba kafin gam ya kama.