Hall of the Novice da Duty Support a Final Fantasy XIV: Sun Isa Su Koya wa Mutum Tanki?

A wasannin intanet da ake shiga kogo rukuni-rukuni, tanki, wato ɗan wasan da ke jan hankalin dodanni yana shan dukansu don kare sauran, shi ake fara ɗora wa laifi. Idan mai duka ya yi kuskure, faɗan ya ɗan yi tsawo ne kawai, sau da yawa ma ba wanda zai lura. Idan tanki ya yi kuskure, kowa ya kwanta, kuma kowa ya san daga inda matsalar ta taso. Shi ne a gaba, shi ke zaɓar yawan dodannin da za a ja, shi ke juya fuskar babban dodo. Wannan ne ya sa mutane da dama ke sha'awar matsayin amma suna tsoron taɓa shi, musamman bayan sun sha baƙar magana sau ɗaya ko biyu daga abokan wasan da ba su sani ba.

Kamfanin Square Enix ya tanadi abubuwa biyu a cikin Final Fantasy XIV don rage wannan tsoro. Na farko shi ne Hall of the Novice, makarantar sababbin shiga da aka ƙara a 2016. Na biyu shi ne Duty Support, wanda ya zo a 2022, inda ɗan wasa ke shiga kogunan labarin wasan tare da abokai uku da kwamfuta ke sarrafawa. Hukuncinmu a kansu shi ne suna koyar da hannu da ido sosai, amma akwai darasi biyu da suka bari a buɗe, kuma a kan waɗannan biyun ne aka fi zagin sabon tanki.

Makarantar tana buɗewa a mataki na 15. Darussan tanki gajeru ne, ba su cin awa guda: kauce wa jan zanen da ke bayyana a ƙasa kafin hari, jera hare-hare bi da bi yadda ƙarfinsu zai ƙaru, riƙe hankalin dodanni da yawa lokaci ɗaya, jawo na nesa da jifa, da tarar sababbin da suka ɓullo ana tsakiyar faɗa. A ƙarshe ana ba da kayan sawa masu kyau ga wannan mataki, da zoben da ke ƙara kashi 30 cikin ɗari na makin ci gaba har zuwa mataki na 30. Ko don zoben kaɗai ya cancanci a yi. Aibin waɗannan darussa shi ne sun tsaya a kan abin da ɗan mataki na 15 ke da shi, ba su zaunar da ɗalibi sun nuna masa yadda zai tsara maɓallan kariya ba.

Duty Support ne ainihin filin atisaye. Rukunin kogo mutum huɗu ne: tanki ɗaya, mai warkarwa ɗaya, masu duka biyu. A nan ukun ba mutane ba ne, don haka ba mai gaggawa, ba mai rubuta maganar banza. Kana iya tsayawa minti biyar a bakin ƙofar Sastasha, kogon farko na wasan, kana karanta bayanin kowane maɓalli, su kuma suna tsaye a bayanka. Kana iya faɗuwa sau goma a hannun dodo ɗaya. Ga wanda hannunsa ke rawa saboda tsoron idon mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abu na farko da za a ƙware a kansa a nan shi ne tsayuwar tanki, wato maɓallin da ke ninka fushin da dodanni ke ji game da kai. Tanki iri huɗu ne a wasan, kowanne da sunan maɓallinsa: Iron Will ga Paladin, Defiance ga Warrior, Grit ga Dark Knight, Royal Guard ga Gunbreaker. Idan ba a kunne yake ba, komai iya dukanka, dodanni za su bar ka su bi mai warkarwa. Mafi yawan rikicin da ake yi da sabon tanki a kogunan farko daga mantuwa da wannan maɓalli guda yake farawa. A mayar da shi al'ada: da an shiga, kafin a ɗaga ƙafa, a duba alamarsa.

Sai yadda ake buɗe faɗa. A jefi dodo na farko daga nesa da Shield Lob ko Tomahawk, a ruga tsakiyarsu, a saki harin da ke dukan duk na kewaye, Total Eclipse ko Overpower, sau biyu aƙalla kafin a yi wani abu. Muddin sun kai uku, a ci gaba da wannan harin, kada a koma dukan ɗaya-ɗaya. Ido ya riƙa komawa kan jerin sunayen abokan gaba da ke gefen allo. Jar alama a gefen suna na nufin kai yake bi. Idan launin ya sauya, wani ya ƙwace maka shi, sai a danna sunan a jefe shi, ko a yi masa Provoke, maɓallin da ke dawo da hankalin dodo kanka, wanda ke dawowa duk bayan daƙiƙa 30. Kuskuren da aka saba gani shi ne tanki ya bar dodanni huɗu ya bi guda ɗaya da gudu. Sauran huɗun za su juya su bi shi, masu duka su rasa inda za su tsaya. Tsaya inda kake, jifa ta isa.

Babban dodo kuwa, a juya fuskarsa ya ba sauran baya, domin da yawansu suna da harin da ke share duk abin da ke gabansu. Bayan an juya shi, a bar shi wuri ɗaya. Masu dukan kusa suna da hare-haren da sai daga gefe ko daga baya suke cika ƙarfi, kuma tankin da ke zagaye da dodo kamar mai rawa yana lalata musu aiki. Idan dole ne a kauce wa zane, a fita, harin ya sauka, a dawo daidai inda aka bari. Duty Support yana koyar da wannan da kyau, domin abokan kwamfuta sun san inda ake tsayawa a kowane hari, kuma kallon inda suka nufa ya fi karanta dogon bayani.

Darasi na farko da aka bari a buɗe shi ne kariya. Sabon tanki yakan ɓoye maɓallan rage rauni yana jiran babban dodo, alhali a yawancin koguna tarin ƙananan dodanni ne ke kashe tanki. Ko kuma ya jira sai jininsa ya kusa ƙarewa, ya danna su duka a firgice. Dukansu biyun kuskure ne, kuma lissafin a fili yake. Rampart yana rage kashi 20 cikin ɗari na rauni tsawon daƙiƙa 20, yana dawowa bayan daƙiƙa 90. Babbar kariyar da ake samu a mataki na 38, Sentinel ko Vengeance ko Shadow Wall ko Nebula, tana rage kashi 30 na daƙiƙa 15, tana dawowa bayan minti biyu. Idan aka haɗa su lokaci ɗaya ba kashi 50 ake samu ba, kashi 44 ne, saboda ta biyun tana aiki ne a kan ragowar da ta farko ta bari, kuma bayan daƙiƙa 20 an tashi babu komai a hannu. Idan aka jera su ɗaya bayan ɗaya, an samu daƙiƙa 35 a cikin kariya. A danna ta farko da zarar dodanni sun taru a kanka, lokacin da duk suna raye kuma dukansu ya fi zafi.

Akwai ƙanana biyu da ake yawan mantawa. Reprisal yana rage kashi 10 na ƙarfin duk dodannin da ke kusa, kuma minti ɗaya kawai yake ɗauka ya dawo, don haka babu dalilin da zai sa a yi tarin faɗa ba tare da shi ba. Arm's Length kuma mutane suna ɗaukarsa maganin turewa ne kawai, amma duk ƙaramin dodon da ya buge ka yana kunne, saurin dukansa zai ragu na daƙiƙa 15. A tarin dodanni shida ko bakwai, wannan kariya ce ta gaske. Haka ma maɓallin hana mutuwa, Hallowed Ground ko Holmgang ko Living Dead ko Superbolide: daƙiƙa 10 ne, kuma ya fi amfani idan aka tsara shi tun farko a kan tari mafi girma, aka sanar da mai warkarwa, maimakon a ajiye shi har a gama kogon ba a taɓa shi ba.

Duty Support ba zai tilasta maka koyon wannan ba. Idan kana jan dodanni uku-uku, mai warkarwar kwamfuta zai riƙe ka ko ba ka danna komai ba, sai ka fito kana zaton ka iya. Stone Vigil, kogon mataki na 41, shi ne inda wannan zato ya saba rushewa, domin dodanninsa suna duka da ƙarfi a lokacin da kayan aikin tanki ba su gama cika ba.

Darasi na biyu shi ne sauri. Tsofaffin 'yan wasa sun saba da jan duk dodannin da ke tsakanin bango da bango, a tara su wuri ɗaya a ƙone su tare. Wanda ya zo yana tsayawa a kowane tari zai ga mai duka ya wuce shi ya jawo na gaba, kuma a nan ne zafafan kalamai ke farawa. Abokan kwamfuta ba sa taɓa yin haka, ba sa wuce ka, ba sa jawo abin da ba ka shirya masa ba. Kuma dukansu a kan tari ba shi da ƙarfi kamar na mutanen da suka iya, don haka babban ja a wurinsu yana daɗewa har kariyarka ta ƙare. Wannan aibi ne, amma ana iya mayar da shi amfani. A fara da tari biyu. A danna Sprint, maɓallin gudu, kafin a taɓa dodo na farko, domin a wajen faɗa daƙiƙa 20 yake yi, a cikin faɗa kuwa 10. A bugi tarin farko sau ɗaya ko biyu ana wucewa, a riƙa jifa ana gudu, a tsaya a kan na biyu. Dodanni masu harbi daga nesa ba sa matsowa, sai a kai sauran inda suke, ko a sha kwana yadda bango zai tare musu gani su biyo dole. Wanda ya rayu a irin wannan ja da abokan kwamfuta zai same shi da sauƙi a hannun mutane.

Atisaye ɗaya da muke ba da shawara a kansa, wanda wasan bai tanada ba: a kashe tsayuwar tanki da gangan a tsakiyar ƙaramin faɗa, a bar dodanni su watse, sannan a kunna a tattaro su. Ranar da wani ya jawo maka tari ba shiri, hannu ya riga ya san abin yi.

Game da mutanen kansu, wasan ya yi ƙoƙari. Sabon ɗan wasa yana ɗauke da alamar ɗan tsiro a gefen sunansa, kuma idan wani bai taɓa gama kogon ba, ana sanar da rukunin cewa za a ƙara musu lada saboda shi. Jimla ɗaya a farko, cewa kai sabon tanki ne kuma za ka ja daidai ƙarfin mai warkarwa, tana kashe rabin rigimar kafin ta tashi. Dokokin wasan sun hana cin mutunci da tilasta wa wani salon wasa, ana iya kai ƙara ta Support Desk, kuma tun 2024 an ƙarfafa jerin toshewa, an ƙara hanyar rufe bakin mutum da tace kalmomi. Fita daga kogo a fusace yana jawo hukuncin jiran minti 30, don haka gara a toshe mai zagin a ƙarasa.

Sai dai kada a toshe kunne gaba ɗaya. Wanda ya rubuta maka cewa ka kunna tsayuwarka, ko da da gatsali ya faɗa, gaskiya ya faɗa. A ɗauki abin da ke cikin maganar a bar yadda aka faɗe ta. Kuma kada a rama ta hanyar ƙyale wanda ya jawo dodanni su kashe shi don ya ji a jikinsa. Mai warkarwa ne zai sha wahalar, kogon ya ƙara tsawo, kai kuma ka zama mai laifi na biyu. Harinka biyu sun isa su dawo da su kanka.

Wasan World of Warcraft ya kawo tsari irin na Duty Support a farkon 2024 da sunan Follower Dungeons, kuma yana da amfani, amma can tazarar da ke tsakanin atisaye da kogunan Mythic+, masu wahala da ake tsere da agogo, ta fi faɗi, domin ana sa ran tanki ya haddace hanya tun kafin a shiga. A Final Fantasy XIV yawancin koguna hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, shi ya sa abin da aka koya da kwamfuta yake bin mutum kai tsaye zuwa cikin jama'a.

Hall of the Novice da Duty Support duka suna cikin gwajin kyauta na wasan, wanda ya haɗa da ƙarin sassan labarinsa biyu, Heavensward tun 2020 da Stormblood tun 2023, don haka ana iya gwada Paladin da Warrior da Dark Knight ba a biya komai ba. Kafin kowace shiga da mutane, a duba sulke: ya kasance na matakin da ake ciki, kuma a gyare. Tankin da ke sanye da kayan da suka gaza da mataki goma zai faɗi ko da ya jera kariyarsa daidai, kuma babu darasi a makarantar da ya tsaya a kan wannan.